Utopia na Channel 4: Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirin da Aka Tsayar Amma Aka Kasa Mantawa da Shi

Kashi 12 ne kacal. An fara haska shi a Birtaniya ranar 15 ga Janairu 2013, kashin ƙarshe ya fita ranar 12 ga Agusta 2014, bayan wata biyu tashar ta ce an rufe shafinsa. Shirye-shirye da yawa da suka fi shi tsawo da yawan masu kallo a wancan lokacin yau ba mai ambaton su, shi kuwa har gobe sababbin masu kallo na gano shi, suna gamawa kuma sai su zo da tambayoyi iri ɗaya. Na tattara waɗanda aka fi yi na amsa su gwargwadon fahimtata. Tambayoyi biyu na farko ba su tona komai ba. Daga ta uku zuwa ƙasa akwai sirrin labarin, don haka wanda bai kalla ba ya san da wannan.

Wane shiri ne wannan, kuma su wa suka yi shi?

Utopia shiri ne mai dogon zango na maƙarƙashiya da farautar rai, wanda kamfanin Kudos ya shirya wa tashar Channel 4. Zango biyu ne, kowanne kashi 6. Dennis Kelly ne ya ƙirƙiro shi ya rubuta. Mutum ne da ya fito daga wasan kwaikwayo na dandamali, kuma ana jin hakan a yadda yake barin mutum biyu su zauna a ɗaki ɗaya su yi ta magana har gaban mai kallo ya fara faɗuwa. Marc Munden ne daraktan da ya kafa wa shirin kamanninsa. Cikin 'yan wasan akwai Fiona O'Shaughnessy a matsayin Jessica Hyde, Neil Maskell a matsayin Arby, Adeel Akhtar a matsayin Wilson Wilson, sai Alexandra Roach, Nathan Stewart-Jarrett, Paul Higgins da Geraldine James.

Akwai wasu shirye-shirye masu wannan suna, har da wani na barkwanci daga Ostareliya, da kuma wanda Amazon ta sake yi a 2020. Maganarmu a kan na Birtaniya ne.

Labarin me yake bayarwa?

Wasu mutane da ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba suna hira a wani dandalin intanet kan wani tsohon littafin labari mai zane-zane. Ana raɗe-raɗin cewa wani mai taɓin hankali ne ya zana shi a asibiti, kuma cewa ya hango wasu bala'o'i kafin su auku. Ɗaya daga cikinsu ya samu rubutun hannu na kashi na biyu wanda ba a taɓa bugawa ba, ya gayyaci sauran su haɗu. Bai kai ga zuwa wurin ba aka kashe shi.

Waɗanda suka rage su huɗu ne. Ian ma'aikacin kwamfuta ne da aikinsa ya gundure shi, har yanzu yana zaune a gidan mahaifiyarsa. Becky ɗaliba ce da mahaifinta ya mutu da wata baƙuwar cuta, tana tsoron ita ma ta gada. Wilson ya goge sunansa daga intanet, ya gina ɗakin ɓuya a ƙarƙashin ƙasa, don ya daɗe da yin imani cewa ana bibiyar kowa. Grant kuwa yaro ne ɗan shekara 11 da yake yi musu ƙaryar shi babban ɗan kasuwa ne. Cikin dare ɗaya rayuwarsu ta rushe: an ƙaga musu laifuka, an sa 'yan sanda neman su, ga kuma wasu mutum biyu ɗauke da jaka ruwan ɗorawa suna bin gida-gida da tambaya ɗaya tak, ina Jessica Hyde.

A gefe guda akwai Michael Dugdale, ma'aikaci a ma'aikatar lafiya, wanda aka riƙe wa wuya da wani asirinsa aka tilasta shi ya sa gwamnati ta sayi tulin allurar rigakafin wata mura da ake kira murar Rasha. Ƙungiyar da ke bayan duk wannan sunanta Network, shugabanta kuma ba wanda ya san fuskarsa, laƙabinsa kawai aka sani: Mista Rabbit, wato zomo.

To mene ne a cikinsa da ya sa har yanzu ake maganarsa?

Mutane kan fara ambaton launuka da kiɗa, kuma zan zo kansu. Amma a ganina abin da ya riƙe shirin shi ne abin da ya yi a kashi na 5 na zangon farko.

Yawancin labaran maƙarƙashiya kamar wasan ƙacici-ƙacici suke. Ana jan ka da tambayar wa ya yi, me suke ɓoyewa, kuma ranar da aka ba da amsa sai komai ya sace, don amsar ba ta wuce kuɗi ko mulki. Mugu mai son kuɗi ba ya hana kowa barci, mun san shi, mun san inda za mu ajiye shi. Kelly bai yi haka ba. Da aka kama ɗaya daga manyan Network, wani mai suna Letts wanda Stephen Rea ya taka, aka ɗaure shi a kujera, sai ya faɗi gaskiyar abin da suke nema. Sun ƙera wani sinadari mai suna Janus wanda zai hana kusan kowa haihuwa, ya bar mutum ɗaya cikin 20. Ba za a kashe kowa ba, a cewarsa, haihuwa ce kawai za ta tsaya, har yawan mutanen duniya ya sauko zuwa wajen miliyan 500. Dalilinsu shi ne mai zai ƙare, abinci zai yi tsada, ƙasa za ta gaji, kuma in an zura ido biliyoyin mutane za su mutu da yunwa da yaƙi. Har ya kawo misalin Genghis Khan, ya ce kisan da ya yi ya sa dazuzzuka suka sake tsirowa.

Ba da ihu ya faɗa ba, ba da dariyar mugunta ba. A natse ya faɗa, kamar likita yana karanta sakamakon gwaji. Kuma cikin waɗanda ke sauraro akwai Wilson, mutumin da Network ta ƙwaƙule wa ido ta kashe masa uba. Shi ne ya fara jin cewa maganar tana da ƙamshin gaskiya.

Daga wannan lokacin shirin ya daina zama na neman wanda ya yi laifi. An riga an san shi. Abin da ya rage wa mai kallo shi ne ya nemo amsar da zai ba Letts, kuma Ian da Becky ba su da wata amsa mai ƙarfi, abin da suke da shi kawai shi ne jin cewa wannan zalunci ne. Asiri in ya tonu ya mutu, ba ka sake jin daɗinsa a kallo na biyu. Gardama kuwa takan bi mutum gida. Shi ya sa wanda ya kalli Utopia a 2013 da wanda ya kalla makon jiya za su iya zama su yi musu a kai da zafi iri ɗaya.

Shin hujjar Network tana da tushe?

Tsoron da suka gina ta a kai tsoho ne. Thomas Malthus ya rubuta a 1798 cewa yawan jama'a zai riƙa tsere wa abinci. A 1968 masanin halittu Paul Ehrlich na Amurka ya yi hasashen cewa ɗaruruwan miliyoyin mutane za su mutu da yunwa a shekarun 1970. Hakan bai faru ba, saboda sababbin irin alkama da shinkafa da taki sun ninka amfanin gona. Yawan mutanen duniya ya kai biliyan 7 a 2011, ya kai biliyan 8 a Nuwamba 2022, amma a lokaci guda haihuwa tana raguwa: a shekarun 1960 matsakaicin abin da mace ke haifa a duniya ya kai 'ya'ya 5, yanzu bai kai rabin haka ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana hasashen adadin zai tsaya a wajen biliyan 10 cikin wannan ƙarni sannan ya fara sauka. Ilimin mata, raguwar mutuwar jarirai da komawa birane ne suka kawo wannan, ba wata ƙungiyar asiri ba.

Kuma duniya ta riga ta ga abin da ke faruwa idan masu mulki suka ɗauki wannan tunani da gaske. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa ba da son ransu ba. A Peru, ƙarƙashin Alberto Fujimori a ƙarshen shekarun 1990, an yi wa mata sama da 200,000, akasarinsu talakawa 'yan asalin ƙasar. Ko'ina aka yi, talaka ne ya fara shiga layi.

Abin da nake yaba wa shirin shi ne ya san wannan. Network tana alfahari da cewa Janus ba ya zaɓe, kowa da kowa ne. A zango na biyu sai ta bayyana cewa wanda ya ƙera shi, Philip Carvel, ya yi zaɓe a ɓoye, ya keɓe jinsin da ya fito daga ciki, wato ƙabilar Romani 'yan yawo waɗanda 'yan Nazi suka yi wa kisan kiyashi. Ita ma Milner, matar da aka gano ita ce Mista Rabbit, da lamarin ya zo kan wanda take so, lissafinta ya karkace. Duk wanda ya ce ya ajiye zuciya ya bi alƙaluma, da an zo kan nasa sai hannunsa ya yi rawa. A nan shirin ya ba da amsarsa, bai sa ta a bakin kowa ba.

Me ya sa hotonsa yake da launi haka?

An saba ganin labarin maƙarƙashiya cikin duhu da toka-toka, ruwan sama, fitilun titi. Munden da mai ɗaukar hotonsa Ole Bratt Birkeland suka juya abin. Sararin sama shuɗi ne shar, ciyawa kore ce har tana ɗaukar ido, ruwan ɗorawa kuma yana ko'ina: jakar makasa, bango, riga, filin furanni. Sun ɗauko salon daga launukan Technicolor na finafinan Amurka na shekarun 1950, aka kuma ƙara ƙarfin launin bayan an gama ɗauka. Hoton mai faɗi ne irin na sinima, sau da yawa mutum ɗan ƙarami a tsakiyar fili fetal.

Dalili ɗaya a fili yake, labarin a kan littafin zane ne, sai aka sa duniyar ta yi kama da shafinsa. Amma akwai wani abu da ya fi wannan tasiri. Duhu wurin ɓuya ne. A Utopia babu shi. Da rana tsaka ake kisa, cikin hasken da ya dace da tallan kayan wasan yara, kuma wanda ake farauta ba shi da inuwar da zai laɓe. Wannan launi ya kuma taimaka wa shirin wajen daɗewa, domin hoto ɗaya daga cikinsa in ya gifta a intanet ana gane shi nan take.

Kiɗan fa?

Cristobal Tapia de Veer ne ya yi shi, haifaffen Chile mazaunin Kanada, wanda daga baya duniya ta san shi da kiɗan The White Lotus. Numfashi, guntayen muryoyin mutane, ƙwanƙwasa da wasu sautuka da ba ka iya cewa daga wane abu suka fito, duk ya haɗa su a kan kari mai sa rausaya. Sai ka tsinci ƙafarka tana motsi alhali a gabanka ana shirin kashe wani. Mutane da dama ta kiɗan suka iso ga shirin.

An ce akwai zubar da jini sosai. Haka ne?

Haka ne, kuma ba na yara ba ne ko kaɗan. Tun a kashin farko an azabtar da Wilson da barkono, yashi, sinadarin wanki da cokali, kuma wanda ya ga wannan wuri ba ya mantawa. Kashi na 3 ya buɗe da harbi a cikin makarantar firamare. An haska shi makonni kaɗan bayan kisan makarantar Sandy Hook a Amurka, wanda ya faru ranar 14 ga Disamba 2012, kuma masu kallo sun kai ƙorafi ga tashar da hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen watsa labarai.

Na fahimci masu ƙorafin, kuma ba zan ce wa kowa ya daure ya kalla ba. Abin da zan ce shi ne a wannan wurin kyamara ba ta nuna yaran ana harbin su, ƙara ake ji, sannan a ga fuskar Arby, a ga ya tsaya cak a karon farko. Kisa a wannan shiri ba ya zuwa da burgewa. Yakan zo farat ɗaya, ya bar shiru mai nauyi a bayansa. Mutanen da ke cewa suna son ceton biliyoyi, shirin yana tilasta maka ka ga abin da suke yi wa mutum ɗaya.

Me ya sa masu kallo ke tausayin Arby alhali makashi ne?

Saboda aikin da Neil Maskell ya yi. Arby mutum ne mai jiki, yana numfashi da ƙyar, yana tafiya kamar ƙafafun ba nasa ba, yana cin zabibi mai cakulan daga ɗan ƙaramin kwali, idonsa babu komai a ciki. Da farko abin tsoro ne kawai. Daga baya sai a gano ɗan Carvel ne, ɗan'uwan Jessica, sunansa na gaskiya Pietre, kuma mahaifinsa ne ya yi gwaji a kansa tun yana jariri har ya kashe masa jin tausayi. A zango na biyu an same shi yana zaune da wata mata da 'yarta, yana aikin famfo, yana koyon yadda ake son mutum kamar mai koyon sabon harshe da girma.

Shirin bai wanke shi ba. Yaran makarantar nan sun mutu, kuma shi ya kashe su. Amma idan ka ajiye shi kusa da Wilson sai ka ga hanya biyu da suka gitta juna: wanda aka raba da zuciyarsa yana neman ta, mai zuciya kuma yana ƙoƙarin kashe tasa don ya yi abin da yake ganin wajibi ne.

Me ya sa ake yawan yabon kashin farko na zango na biyu?

Don ƙarfin halin da aka nuna. Bayan wata 17 ana jira, aka dawo da kashin da babu ko ɗaya daga manyan 'yan wasan a ciki. An koma shekarun 1970, hoton ya tsuke ya zama mai kusurwa huɗu irin na tsohuwar talabijin, Rose Leslie ta fito a matsayin Milner tana budurwa, Tom Burke a matsayin Carvel.

Kelly ya saƙa labarinsa cikin abubuwan da suka faru da gaske. Akwai kisan tsohon firaministan Italiya Aldo Moro a 1978. Sannan akwai wasu kwanaki a Maris 1979 da abubuwa suka yi ta faruwa a jere: an harbe ɗan jarida Mino Pecorelli a Rum, an kashe jakadan Birtaniya Richard Sykes a Hague, gwamnatin James Callaghan ta faɗi da ƙuri'a ɗaya ranar 28 ga wata, ranar da kuma tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka ta samu hatsari, sannan ranar 30 bam ya kashe ɗan majalisa Airey Neave yana fita daga harabar majalisa. Duk waɗannan tarihi ne. Ƙagen shi ne cewa hannu ɗaya ne ya ƙulla su. A gaskiya ƙungiyar 'yan bindiga ta INLA ta Ireland ce ta ɗauki alhakin kisan Neave, kuma iyalinsa sun nuna ɓacin ransu da yadda aka yi amfani da mutuwarsa. Suna da gaskiyarsu.

Wannan kashi ya nuna yadda tunanin maƙarƙashiya ke aiki a kan kowa. Ka jera abubuwa na gaskiya kusa da juna, zuciya da kanta za ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta ja zare tsakaninsu.

Me ya sa aka tsayar da shi?

Masu kallo ba su da yawa, kuma sun ragu a zango na biyu, wanda aka haska a tsakiyar bazara. A Oktoba 2014 Channel 4 ta sanar da cewa ba za a ci gaba ba, ta yaba wa shirin, ta ce dole ce ta sa a bar wasu don a samar wa sababbi wuri. Wata guda bayan haka, a Nuwamba, Utopia ya lashe kyautar International Emmy ta wasan kwaikwayo mafi kyau.

Da an ci gaba, da ya fi haka kyau? Ko gajartarsa ce ta cece shi?

Zuciyata ta rabu biyu a nan. Ina son ganin zango na uku, kuma na yi imani Kelly yana da sauran abin faɗa. Amma labarin maƙarƙashiya yana da wata cuta da tsawo ke tayarwa. Don shiri ya ci gaba, dole bayan kowane asiri a samu wani asirin, bayan kowane shugaba a samu wanda ya fi shi, har mai kallo ya gane cewa marubutan ma ba su san inda za su ba. The X-Files ya yi zango 9 daga 1993 zuwa 2002, ya dawo a 2016, kuma ko masoyansa sun yarda cewa babban labarin maƙarƙashiyarsa ya cukurkuɗe tun kafin ƙarshe. Utopia bai kai wannan matsayi ba. Ya faɗi mene ne Janus a kashi na 5, ya bayyana Mista Rabbit a kashi na 6. Bai ja wa kowa rai na shekaru ba.

Ko a zango na biyu ma akwai alamun gajiya nan da can: wasu da aka ɗauka sun mutu sun dawo, gudu da ɓuya sun fara maimaita kansu, soyayyar Ian da Becky ba ta da ƙarfin sauran labarin. Ina faɗin wannan ne a matsayin mai son shirin. Da an kai zango 5, mai yiwuwa waɗannan ƙananan tsagogi su zama rami.

Akwai kuma abu mai sauƙi. Kashi 12 ana iya gama su cikin kwana biyu ko uku, don haka ba nauyi ka ce wa aboki ya gwada. Ta haka shirin yake yawo, daga hannu zuwa hannu, kowa yana jin kamar shi ya tono shi.

Shin shirin ya hango annobar korona? Yana cewa allurar rigakafi makirci ce?

A'a, duka biyun. A 2020 mutane da yawa sun koma kansa, wasu suka yanko guntaye suna yaɗawa a matsayin shaida. Amma abin da ke gaban Kelly lokacin rubutu shi ne abin da Birtaniya ta riga ta gani: cutar haukan shanu a shekarun 1990, murar aladu ta 2009 da gardamar da ta biyo baya kan maƙudan kuɗin da gwamnati ta kashe wajen tara magani. Annobar mura abu ne da masana suka daɗe suna gargaɗi a kai, ba sai da duba ba.

Janus ƙage ne, babu shi. An yi wa biliyoyin mutane allurar korona, kuma ana ci gaba da haihuwa. Allurar rigakafi ce ta kawar da cutar agana daga doron ƙasa, aka tabbatar da hakan a 1980. Ita kanta Birtaniya ta ɗanɗana kuɗar jita-jita: a 1998 wani likita, Andrew Wakefield, ya buga binciken da ya danganta allurar ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwar yara, iyaye suka tsorata, ƙyanda ta dawo, a 2010 aka janye binciken aka kuma soke lasisinsa.

Ba na musun cewa rashin yarda yana da asali. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani don ta ga yadda cutar ke ci. Wata huɗu bayan zangon farko na Utopia ya ƙare, a Yuni 2013, Edward Snowden ya fallasa irin leƙen da hukumomin Amurka da Birtaniya ke yi wa wayoyi da intanet ɗin jama'a. Irin waɗannan ne ke sa shirin ya yi kama da gaskiya. Sai dai duk waɗannan da takardu da shaidu da sunaye aka tona su. Wanda ya ɗauki wasan kwaikwayo ya hana ɗansa allura saboda shi ya cuci yaron, bai kuma fahimci shirin ba, domin a cikinsa mutumin da ya fi kowa imani da maƙarƙashiya shi ne ya fi kowa saurin faɗawa hannunta.

Na Amazon fa, ya cancanci kallo?

Tun 2014 tashar HBO ta Amurka ta so ta sake yin sa da darakta David Fincher da marubuciya Gillian Flynn, aikin ya rushe a 2015 kan batun kuɗi. Daga baya Flynn ta kai shi Amazon, ya fito ranar 25 ga Satumba 2020 da kashi 8, da John Cusack, Rainn Wilson da Sasha Lane. An ɗauke shi kafin annoba, amma ya fito a tsakiyarta, lokacin da duniya ke jiran allura, kuma labarin allurar da ke hana haihuwa shi ne abu na ƙarshe da mutane ke buƙata. A Nuwamba aka soke shi.

Ra'ayina, fara da na asali. Na Amurka ya ɗauki ƙashin labarin ya bar launin, da kiɗan, da wannan barkwanci mai ɗaci na Ingilishi da ke sa ka yi dariya sannan ka ji kunyar dariyar.

Akwai wasu irinsa da su ma ba su daɗe ba?

Kakansu shi ne The Prisoner na Patrick McGoohan, kashi 17, daga 1967 zuwa 1968, kan wani jami'in leƙen asiri da ya ajiye aiki ya farka a wani ƙauye da ba a fita. Nowhere Man na 1995 zango ɗaya ya yi, kan mai ɗaukar hoto da aka shafe duk wata shaidar cewa ya taɓa rayuwa. Rubicon na tashar AMC a 2010 kashi 13 ne, a hankali yake tafiya, kan masu nazarin bayanan sirri a wani ofis a New York. Wanda ya fi son tunani a kan gudu zai ji daɗinsa.

Labarin ya ƙare, ko an bar mu a rataye?

Barazanar zango na biyu ta ƙare. An tsayar da mutumin da zai saki murar, Milner ta mutu. Amma mintunan ƙarshe sun buɗe sabuwar ƙofa, kuma ba a sake komawa ba. An kama Jessica da Ian, makomar Arby da Becky tana lilo.

Ni dai ban taɓa jin an cuce ni ba, saboda zaren da ya fi muhimmanci ya kai inda za shi. A labarin da ake bayarwa cikin shirin, Mista Rabbit yana da tabo a cikinsa, harafin Sinanci mai nufin zomo, wanda aka ce wani ya zana masa da wuƙa. Shekaru ana neman mai wannan tabo. Wilson, wanda muka fara gani yana alfahari da ɗakin ɓuyarsa, yana koya wa abokansa yadda ake kuɓuce wa ankwa, shi ne a kashin ƙarshe ya harbe Lee, mutumin da ya cire masa ido, ya kuma ce aikin Janus zai ci gaba. Sannan ya keɓe shi kaɗai, ya yaye rigarsa, ya ɗauki wuƙa ya zana harafin a kan cikinsa da hannunsa.